Na Je Kano Saboda Robar Injin Ruwa

An dame ni da tambaya. Duk wadda ta zo ɗiban ruwa sai ta ajiye jarka ta ce, "Ya Falmata, wai da gaske kin je Kano a shekarun nan da ba a fita?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa ya ɗauka sai ya ƙara nasa gishiri. Na ji ma wata tana cewa a jirgin sama na je. Shi ya sa na zaunar da maƙwabciyata Malama Rifkatu, tsohuwar malamar firamare, na ce ta ɗauko biro. Ni ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Tare muka yi tafiyar, in na yi ƙarya ga ta nan zaune.

Lissafin shekara ba aikina ba ne. Abin da na sani, shekara biyu ke nan da hana hawa babur a Maiduguri, a daminar da aka kashe layin waya gaba ɗaya, kowa ya riƙe wayarsa kamar guntun sabulu. Mai gidana Ba Bukar yana da shekara shida a ƙasa. Azumi kuma saura sati uku.

Bari in fara da rijiyar, don ita ce dalili. Burtsatse ce a tsakar gidanmu a Bulumkutu. Da aka haƙa ta ruwa da kansa yake fitowa, da ɗuminsa kamar an sauke daga wuta. Mu nan Borno mun saba da irin wannan ruwa. Daga baya ya ja baya, sai Ba Bukar, da yake gyaran famfo ne sana'arsa, ya ɗora mata inji. A bakin injin, inda murfin ƙarfe ke haɗuwa da jiki, akwai wata baƙar roba zagayayyiya kamar awarwaro, kaurinta bai kai ƙaramin yatsa ba. Ita ke hana ruwa tsiyaya, ita ke hana iska shiga. In ta saki, injin ya yi ta kuka har gobe, ko ɗigo ba za a gani ba.

A shekarar nan dangin mai gidana na ƙauyukan bayan Konduga suka fara shigowa, an kore su daga gonakinsu. Ɗakuna suka cika, zaure ya cika, har gindin dalbejiya aka kafa rumfa. Layinmu duka a gidana ake ɗiba, ga kuma waɗannan baƙi. A nan ne robar da Ba Bukar ya sa da hannunsa ta mutu.

Mai gyara mana inji Modu ne, wanda ya koyi aiki a hannun mai gidana. A lokacin ma ba yaro ba ne, yana da mata da 'ya'ya huɗu da furfura a gemu. Ya je wajen Kasuwar Kwastam, shagon wani Inyamuri Emeka, ya tarar yana haɗa kaya zai koma Kano da iyalinsa. Robobi uku irin namu suka rage, Modu ya kwaso duka. Ya kawo mini da yamma ya ce, "Ya, ki ajiye, da safe zan zo in sa."

To ni na san yadda ake yi. Tun ina amarya nake ganin Ba Bukar yana gyaran famfon hannu, irin na da, mai fata a ciki. Sabuwar fata ba a sa ta a bushe. Sai ta kwana a cikin mai ta yi laushi, sannan ta kama. Haka guga, haka salka, haka sabon takalmi. Saboda haka na samu gwangwani, na zuba baƙin mai da ɗan man gas na injin, na tsoma robar ta kwana. Da safe na goge ta tas na miƙa masa.

Ta farko ta yi sati uku. Ta biyu ba ta kai haka ba. Ta ukun, da na bar ta kwana biyu a gwangwani don ta fi 'yan uwanta, kwana goma ta yi. Duk wadda aka ciro sai a gan ta ta kumbura ta fito daga mazauninta, murfi ya cije ta. Modu ya yanko tif ɗin tayar mota ya gwada, kwana biyu ya yage. Na tsaya a gaban mata na wanke shi tas. Na ce shekara goma sha ya yi a gindin Ba Bukar bai ɗauki komai ba sai tsawon ƙafa. Ya tattara sufanunsa ya fita. Da na kwana na tashi sai na ce a'a, ba Modu kaɗai ba ne, Emeka ne ya zuba mana jabu ya gudu.

Ruwa kuma sai an tsallaka babban titi, inda sojoji suka tara buhunan yashi, a wuce hannu a sama da jarka. Wata safiya aka yi harbi a can. Matan gidana suka shigo a guje, ba jarka ba takalmi. Yagana, matar ƙanin mai gidana, ta faɗi da goyo a bayanta ta fasa gwiwa. Ina wanke mata ciwon da ragowar ruwan buta na ce, wallahi azumi ba zai same mu a haka ba.

Ba mafita sai a bi Emeka har Kano a samo roba. Amma namiji mai ƙarfi ba ya bin hanyar nan a lokacin, a kowane shinge sai an tsare shi da tambaya. Tsohuwa kuwa wa ya damu da ita? Na leƙa ta katanga na ce, "Malama, 'yarki Saratu ba a Kano take aikin asibiti ba?"

Ta ce, "Tana can. Wata biyu ban ji muryarta ba."

Na ce, "To ɗaura zane."

Ta ce, "Ya Falmata, mu biyu in aka haɗa haƙoranmu ba za su cika baki ɗaya ba, ina za mu?"

Na ce, "Ba cizo za mu yi ba."

Shekara talatin muna katanga ɗaya da matar nan. 'Yar kudancin Borno ce, daga wajen Biu, Kirista. Ita ta karɓi haihuwar autana, ni na yi wa mijinta zaman makoki. Ta yi mita, ta kuma ɗaura zanen.

Ana sakin dokar hana fita da safe muka shiga keke napep zuwa tasha. Kayana ba yawa: zane biyu, buta, gwangwanin turaren wuta, da matattun robobin nan uku a ƙulle a bakin mayafi, don in zuba wa Emeka su a gabansa. Direbanmu wani Bafillace ne, Bello, siriri kamar sandar kiwo. Yana ganin tsagen fuskata ya ce, "Yau na shiga uku, an kawo mini baiwata. Babarbariya, a saman kaya za ki zauna ko a but?"

Na ce, "Kai bawan gidanmu, yaushe aka ba ka mota? Ina shanun da muka ba ka kiwo?"

Ya ce, "Na sayar, na sayi wannan."

Na ce, "To tawa ce. Buɗe mini gaba."

Ya buɗe. Ni da Malama muka matsu a kujerar gaba, duk hanya yana tsokanata ina ramawa. Wanda bai san wasan da ke tsakaninmu da Fulani ba sai ya ce za mu daku.

Shinge kam tun daga ƙofar gari na daina ƙirgawa. A wasu sai kowa ya sauka, a taka da ƙafa hannu a sama, mota ta biyo a hankali. Ni kafaɗata ta dama ba ta ɗaguwa sosai, sai na ɗaga ɗaya da rabi. A wani shinge kafin Damaturu wani soja ɗan kudu, ƙaramin jikana ma ya kusa girmansa, ya ga ƙullin mayafina ya nuna da baki. Na kwance. Ya ga baƙaƙen robobi uku, ya ja da baya, ya yi tambaya da Turanci. Malama ta buɗe baki za ta fassara na ce ta bari. Na nuna masa da hannu: ga rijiya, ga inji, ga murfi. Na yi masa kukan inji in yana da lafiya, na yi masa kukansa in iska ta shiga, har da tarin da yake yi kafin ya mutu. Yaron ya yi dariya har bindigarsa tana rawa, ya kira ɗan uwansa ya ce in sake. Na ce ni ba rediyo ba ce. Ya ce da guntuwar Hausarsa, "Mama, tafi, Allah kiyaye."

Akwai wani yanki na hanyar da ba na son faɗa da yawa. Ƙonannun motoci a gefe, garuruwa ba ko akuya. A nan Bello ya daina wasa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ina jan carbi, Malama tana motsa baki da tata addu'ar, hannunta cikin nawa. Ba wanda ya yi tari har muka fita.

Mutane suna tambayata ko akwai iyaka tsakaninmu da Kano. Akwai, amma ba ƙofa ba ce. Mun wuce Potiskum da nisa, mun shiga ƙasar Bauchi, sai wata waya ta yi ƙara a bayan mota. Sai wata. Kafin ka ce me, motar duka ta ɗauka, wannan da kiɗa, wannan da kiran salla, wannan da kukan jariri. Bello ya gangara gefe ya kashe mota, don ya san ba mai sauraronsa. Wani ɗan kasuwa ya sauka yana ihu, "Ina raye! Wallahi ina raye!" Wata mata ta ji an yi mata jika, wata ta ji rasuwar da aka yi sati biyar. Malama ta kira Saratu, ta ce "Ni ce," sai ta miƙo mini wayar, na karɓa na ce, "Ki ɗora tukunya, muna tafe mu biyu, kuma ni ba na cin barkono da yawa."

A Azare muka ci abinci. Masarsu ba laifi, na yarda. Shayinsu kuwa ruwan wanke kofi ne. Na gaya wa mai shayin, ya ce ai an san Barebari sai shayi ya yi baƙi kamar zuciyarsu. Na ce wa Bello, "Wannan ma ɗan uwanka ne?" Ya ce, "Duk ƙasar nan bayinki ne, Ya, sai haƙuri."

Mun shiga Kano rana ta yi sanyi. Abin da ya fara ba ni mamaki, mutane zaune a ƙofar gida suna hira, ba mai duban rana yana sauri. Su ma sun ga nasu tashin hankalin, amma ba su saba da shiga ɗaki tun la'asar ba. Keken da muke ce wa napep su adaidaita sahu suke ce masa, suna mai tsawo kamar za a yi huɗuba. Muna cikinsa wata babbar mota ta yi fashin taya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙasan keken ba, Malama a kaina. Mai keken ya juyo ya dube mu ya ce, "Hajiya, daga Maiduguri kuke?" Na tashi na gyara mayafi na ce, "Ɗan kunnena ne ya faɗi."

Saratu a Sabon Gari take, a bene, hawa na biyu. Ni tun da aka haife ni ban taɓa kwana a saman kan wani ba. Na hau ina hutawa, ina tambaya ko waɗanda ke ƙasa sun yarda. Yarinyar nan da na goya, na tarar ta sayo sabuwar darduma, ta tambayi wani maƙwabcinta alƙibla ta yi alama da alli a bango. Ta yi tuwon dawa da miyar kuka irin ta uwarta. Abu ɗaya ne ya rasa: gidan ba ƙamshi. Mutanen Kano suna da kuɗi, suna da bene, amma ɗaki sai warin fenti. Na ce a samo mini garwashi. Turaren yana tashi Saratu ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe ido ta ce, "Ya, kin kawo mini gida."

Gaisuwarsu kuma ba ta da jiki. Mu a nan in ka haɗu da mutum sai ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, ka tambayi yara da zafi da masu jiki, ka koma ka sake. A can na gaida wata mata a matakala, ina kan tambaya ta biyu sai na ga bayanta.

Da safe Saratu ta kai mu layin masu kayan inji. Ta yi tambaya sau uku aka nuna mana wani ɗan shago, rabin wanda Emeka yake da shi a nan. Tun a hanya na shirya maganata, na jera ta ɗaya bayan ɗaya. Ina isa Emeka ya ɗago kai. Ya saki abin da ke hannunsa ya fito ya durƙusa har ƙasa.

"Ya Falmata! Wushe, wushe! Lale!"

A Maiduguri aka haife shi, Hausarsa irin tamu ce, Kanuri kuma ya fi wasu jikokina. Ya yi mini gaisuwa cikakkiya, ta gida, bai tsallake komai ba. Ya tambayi Modu. Ya tambayi mai shayin da ke gaban shagonsa, da liman, da gurgun da ke gyaran takalmi. Wasu na ce suna nan, wasu na ce sai addu'a. Ya goge ido da gefen riga. Na ga in na bari zai lalata mini faɗa, sai na kwance mayafi na zuba robobin a kan teburinsa.

"Emeka, ubanka ya yi ciniki da mai gidana shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba. Kai kuma da za ka tafi sai ka bar mana jabu? Gidana mutum ya fi talatin, ba ruwa."

Ya ɗauki ɗaya ya matsa. Ya ja ta. Ya kai hanci ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya dube ni.

"Ya, wa ya ba ta mai?"

Na ce, "Ni. Wa kake so ya ba ta? Ko an taɓa sa sabon abu a famfo bai kwana a mai ba?" Na yi masa bayanin fata da gwangwani, dalla-dalla, don in koya masa aikinsa.

Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suna motsi, yana danne dariya. Malama ta juya tana karanta kwalayen da ke bango kamar an ba ta jarrabawa.

Ya ce, "Ya, fata daban, roba daban. Fata mai take sha ta rayu. Wannan robar ta ruwa ce, ruwan zafi ma ba ya damunta, rana ba ta damunta. Amma in ta ga man inji ko gas, sha take yi har ta kumbura ta lalace."

Na ce, "Roba roba ce. Duk baƙaƙe ne."

Ya ce, "Ni da Modu ma duk baƙaƙe ne."

Na ce ban yarda ba, kuma ban zo daga Borno don a yi mini wayon kasuwa ba. Bai yi musu ba. Ya ɗauko sababbi biyu, girmansu ɗaya, kamarsu ɗaya, ya ɗaura wa ɗaya jan zare. Ya ce mai zaren irin tawa ce, ta ruwa. Ɗayar ta mai ce, irin da ake sa wa a cikin injin mota. Ya zuba gas a gwangwanin madara ya tsoma su duka. Ya ce mu dawo gobe.

Na ce, "In tafi ka canza? Ba ni gwangwanin."

Haka na ratsa Kano da gwangwanin gas a hannu, an rufe bakinsa da leda. A hanya Saratu ta saya mana gurasa da ƙuli da mai. Wannan kam, Malama, rubuta: sun fi mu. Abu ɗaya ne, amma sun fi mu.

Da na idar da sallar asuba gari ya yi haske, na fito baranda na buɗe gwangwanin. Na sa tsinke na ciro marar zaren. Tana nan yadda take. Na ciro mai jan zaren. Ta yi ƙiba, ta yi laushi kamar ganda, zaren ya nutse a jikinta. Na ɗora su ɗaya kan ɗaya, ta fi 'yar uwarta faɗi a fili, ko makaho ya shafa zai gane. Kamarta ɗaya da ukun da na ƙullo daga gida.

Na daɗe a zaune. Gwiwar Yagana na tuna, da fuskar Modu yana tattara sufanu. Malama ta fito da shayi ta ajiye a gabana, ta duba robobin. Na ce, "Faɗi abin da ke bakinki." Ta ce, "Shayin zai huce."

Da muka koma shago ban yi dogon zance ba. Na ajiye gwangwanin na ce, "Na gani." Emeka, Allah ya saka masa da alheri, bai ja maganar ba. Ya sa aka kawo mana kujeru, ya shiga fito da robobi yana ɗora mini a tafin hannu. Wata ja, mai laushi, ya ce tana jure wuta, ana sa ta a murfin tanda da tukwanen masana'anta, amma ba ta son gurzawa, nan da nan take yagewa. Wata ruwan ƙasa, ƙarama amma da nauyi, ya ce wannan ba ta tsoron zafi ba ta tsoron mai, manyan kamfanoni ke sayenta, tsadarta kuma ba a magana. Kowace da sunanta na Turanci, Malama ta rubuta a bayan takarda, ni ban ga amfanin riƙe su ba.

Na ce, "To ba ni ta man mana, tunda ita ba ta kumbura. In ci gaba da abin da na saba."

Ya ce, "Ruwanku da ɗumi yake fitowa, Ya, injin kuma a rana yake. Ta mai za ta bushe ta tsattsage. Ki bar ta ruwa a kan ruwa. In za a sa, a shafa mata ruwan sabulu kawai, ta zame ta zauna."

Na ce, "Sabulu?"

Ya ce, "Na wanka ma ya isa."

Awo kuwa, matattun sun kumbura ba za a gwada da su ba, waya kuma ba ta shiga Maiduguri bare a tambayi Modu. Na fara damuwa. Ya ce, "Injin Ba Bukar? Ina ɗan makaranta nake kai masa kayansa." Ya hau tsani ya sauko da huɗu. Ya naɗe su a baƙar leda, ya ce kada su ga rana, kada a rataye su a ƙusa, a sa su a kwance a ƙasan akwati. Da za mu tafi ya yi ta juya hula, can ya ce matarsa tun da suka zo take cewa Kano ba ta ƙamshi. Na ciro gwangwanin turarena, da sauran fiye da rabi, na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu.

Dawowa Bello muka sake samu, don na ce ba zan hau motar kowa ba sai ta bawana. A tasha mutane suka yi ta cusa mana wasiƙu, wannan Gwange, wannan Bulumkutu, wannan a ba mai kanti kaza ya ba uwarsa. Jakar Malama ta cika. A wurin nan na ƙasar Bauchi kowa ya yi kiransa na ƙarshe, sannan wayoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Sojan nan yana shingensa. Ya leƙo ya gan ni ya ce, "Mama! An samu?" Na ɗaga masa leda. Ya yi mini kukan inji mai lafiya. Bai iya ba, amma na ce ya iya.

Muna hango gari Malama ta ce a hankali, "Za ki gaya wa Modu?"

Na ce, "Ke dai ki raba wasiƙunki."

Mun shiga kafin a rufe hanya da kaɗan. Washegari da hantsi na aika a kira Modu. Ya zo, ya gaida ni daga nesa. Mata sun cika tsakar gida da jarkoki, har na layin baya, don labari ya zaga. Na kwance leda na ba shi ɗaya. Ya juya ta ya ce, "Ya, ki ajiye zuwa gobe?"

Na ce, "Yanzu za ka sa. Yagana, kawo sabulu da ɗan ruwa."

Ya dube ni. Na miƙe tsaye, don a tsaye na ci mutuncinsa. Na ce, "Ku saurara, ku da kuka ji na farko. Hannun Modu lafiyarsa ƙalau. Kayan Emeka ma lafiyarsu ƙalau. Ni ce nake tsoma su a mai suna mutuwa. Modu, ka yafe mini."

Ya sosa gemu ya ce, "Na sani, Ya. Tun ta biyu na ji warin gas."

"Ka sani? To me ya hana ka magana?"

"Na fara. Kika ce tun ban iya ɗaura wando ba kike ganin Ba Bukar yana gyaran famfo."

Matan nan suka fashe. Yagana tana dariya tana riƙe gwiwa. Na ce, "To ai gaskiya na faɗa. Sa robar."

Ya shafa mata sabulu, ta zame ta zauna a mazauninta kamar an haife ta a wurin. Ya ɗaure murfi, ya ɗura ruwa, ya ja igiya. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Muka tsaya muna kallon bakin tiyo. Ya yi huci, ya tofar da laka, sannan ruwa ya zo, da ɗuminsa. Wata tsohuwa daga cikin mutanen Konduga ta tara hannu ta wanke fuska, ta sake wankewa, sannan aka tuna da jarkoki. Azumin nan ba wadda ta tsallaka titi daga gidana.

Cikin waɗanda na ambata, Bello hanyar nan ta ci shi a shekarar da ta biyo baya. Allah ya jiƙan bawana, ban sake samun abokin faɗa irinsa ba. Tsohuwar da ta wanke fuska ta rasu a ɗakina. Sojan ban san inda yake ba, ina sa shi a addu'a. Yagana ta koma Konduga da 'ya'yanta, tana aiko mini da kuɓewa. Saratu tana Kano, har yanzu a bene. Emeka ya zo sau ɗaya da aka samu sauƙi, ya tsaya a gaban tsohon shagonsa, ya ci abinci a gidana ya koma. Malama ga ta nan, ta ce hannunta ya gaji. Modu ma yana nan, gemu ya yi fari fat, shi ke duba injin har yau. Ya yafe mini tun a ranar. Amma duk lokacin da ya sayo wani sabon abu na inji, a aljihunsa yake kwana.